Ku Tambayi Matafiyi: Hawan Duwatsu da Kwanan Tanti a Dajin Fontainebleau

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Beljiyam, shekarata ta biyu ke nan. Abokan karatuna su huɗu sun tasa ni gaba sai na bi su Faransa a hutun ƙarshen Oktoba. Wai za mu yi kwana biyar a wani daji da ake kira Fontainebleau, da rana mu hau duwatsu, da dare mu kwana a tanti. Sun ce babu igiya, duwatsun ba su da tsawo. Na bi su ɗakin motsa jiki inda ake hawan bango sau uku ko huɗu, kuma ban ji kunya ba. Na ji an ce ka taɓa zuwa can. Zan iya kuwa? Me zan riƙa? Gaskiya kwanan tanti cikin sanyin nan ne ya fi tsaya mini a rai.
Ƙaninka, daga Beljiyam.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bi su. Amma wannan "ban ji kunya ba" da ka ce, ka naɗe ta ka bar ta a ɗakinka, don dajin nan zai ba ka kunya tun ranar farko, kamar yadda ya ba ni.

Sau uku na je, biyu daga ciki a wannan lokaci da kuke shirin zuwa, wato kakar Turai, sa'ad da ganye ke yin ja da rawaya yana zuba. Sunan wurin a baki kamar "Fontenbulo" yake fita, masu hawa kuwa "Bulo" kawai suke cewa. Yana kudu maso gabas da Faris, tazarar kilomita 60 ko kusa da haka. Daji ne mai faɗin kusan hekta 25,000, an watsa duwatsu dubbai a cikinsa kamar an zazzage buhu. Wani ya kai tsawon mutum biyu, wani uku, kaɗan ne suka wuce haka. Asalinsu yashi ne da teku ya bari sama da shekara miliyan 30 da suka wuce, ya dunƙule ya zama dutse. Shi ya sa a wasu wuraren za ka ga kana tafiya cikin farin rairayi mai laushi a tsakiyar itatuwa, ka rasa inda kake.

Ranata ta farko a Bas Cuvier muka yi ta, wuri ne da ke bakin babbar hanya, kuma nan ne tsofaffin 'yan wasan suka yi suna. Na zo da ƙarfin damtse na wata shida a bangon cikin gida, inda kowane marikin hannu an yi masa fenti yana ƙyalli yana kiranka. Na tsaya gaban wani dutse da bai fi ni tsawo da yawa ba, na duba sama na duba ƙasa, ban ga abin kamawa ko ɗaya ba. Sumul. Na yi tsalle na rungume shi, na zame. Na sake, na zame. A faɗuwa ta takwas ko ta tara sai ga wani dattijo mai furfura, da ɗan guntun kafet a hammata da tsumma a aljihu. Ya shimfiɗa kafet ɗin, ya taka, ya goge tafin takalminsa da tsumma, sannan ya murza robar da tafin hannu har ta yi ƙara. Ya ɗora babban yatsan ƙafa a kan wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ni ko ganinsa ban yi ba, ya miƙe a kansa kamar mai hawa matattakala. Taku uku yana sama. Da ya sauko sai ya nuna takalmina, duk yashi, ya girgiza kai, ya wuce abinsa.

Ashe laifi biyu na yi. Ƙafa mai yashi ba ta kama dutse, wannan asarata ce. Amma kuma yashin yana goge dutsen kamar sanfefa, har wurin taku ya koma santsi kamar gilashi, wannan kuwa asarar duk wanda zai zo bayana ce. A Bas Cuvier za ka ga wurare suna sheƙi saboda takun shekaru. Don haka abu na farko da za ka sa a jaka shi ne tsumma da guntun kafet, kafin ma ka yi zancen takalmi mai tsada.

Kada ka bari abokanka su ja ka wurin lissafin lambobi. Akwai ma'aunin wahala da ake kira da sunan dajin, 3, 4, 5, 6a, har zuwa 8 da abin da ya fi, amma lambar can ba ta san lambar ɗakin motsa jiki ba. Wanda ke hawan 6a a bangon roba yana iya wuni yana faɗowa a kan 4. Abin da ya dace da kai shi ne zagaye. An yi wa duwatsun 'yan kibau da lambobi da fenti, ka gama na ɗaya ka nemi na biyu, haka har talatin ko arba'in ko fiye. Launi ne ke nuna wahala: rawaya ta masu koyo, sai ruwan lemo, sai shuɗi, sai ja, sannan baƙi ko fari na ƙwararru. Akwai kuma wani farin na yara ƙanana, kada ka rikita su. A 1947 aka fara zana irin wannan zagaye, kuma masu hawan tsaunukan Alps na Faris ne suka ƙirƙiro shi don su riƙa motsa jiki kafin lokacin manyan tsaunuka. Daga baya abin share fage ya zama wasa mai zaman kansa, har ga shi yau a gasar Olamfik. Takalmin robar da za ka sa ma, wani ɗan wannan daji, Pierre Allain, shi ya fara gyara irinsa don waɗannan duwatsu. Idan kun je Bas Cuvier ka ce su nuna maka hanyar hawa mai suna Marie-Rose, wadda René Ferlet ya fara hawa a 1946, ita ce 6a ta farko a dajin. Ka kalle ta, ka taɓa ta, ka koma kan rawayarka. Ni zagayen rawaya guda na gama a tafiyar farko, sai rabin ruwan lemo, kuma ƙafafuna sun yi kwana biyu suna rawa.

Abubuwa biyu da bangon cikin gida bai koya maka ba. Na ɗaya, ƙarshen hawa. Kan duwatsun can a zagaye yake kamar bayan tulu, babu baki da za ka kama. Sai ka danna tafin hannu, ka tura jiki sama, ka jawo ƙafa. Masu koyo da ciki suke gamawa, suna mutsu-mutsu kamar kifi a tudu, kuma kowa ya bi ta nan. Na biyu, sauka. Kafin ka hau kowane dutse, zagaya bayansa ka ga ta inda ake saukowa. Na taɓa yin kusan minti goma a kan wani dutse ina zaune kamar biri, abokaina na ƙasa suna dariya suna ɗaukar hoto, sai da aka jawo katifun da ake shimfiɗawa gindin dutse don faɗuwa aka tara aka ce in diro.

Dalilin da ya sa ake zuwa da kaka shi ne sanyi yana sa fata da roba su kama dutse. Da zafi hannu na gumi, komai na zamewa. Amma kaka tana zuwa da ruwan sama, kuma a nan ne zan ɗaga murya. Idan dutsen ya jiƙa ba a hawansa. Irin wannan dutse yana shan ruwa, ya yi rauni, marikin da ya yi shekara 70 ana kama shi sai ya ɓalle a hannunka, kuma ba a mayar da shi. Ko saman ya bushe, cikin yana iya zama jiƙe. Idan an kwana ana ruwa, a jira rana da iska su yi aikinsu, sannan a nufi wuraren da ke fili, irin su 95.2 da ke yankin Trois Pignons, wanda aka sa wa suna da lambar tsayin tudun a taswira, ko tudun Apremont. Waɗanda ke cikin inuwar itatuwa sukan daɗe ba su bushe ba. A yankin Trois Pignons ɗin ne kuma akwai wani filin farin yashi mai suna Cul de Chien. Ka tambayi mai jin Faransanci ma'anarsa, ni ba zan rubuta a mujalla ba.

Cikin kwana biyar ɗinku, ka ɗauka biyu na ruwa ne. Idan ba a yi ba, riba ce. A tafiyata ta biyu ruwa ya tsare mu kwana biyu a jere, kuma a nan na gane wane ne abokin tafiya. Ɗaya daga cikinmu ya zo da buri guda, wani dutse da ya yi wata uku yana kallon bidiyonsa. Ya wuni yana duba hasashen yanayi a waya yana tsaki, har ya fara cewa ai idan aka goge da tawul zai hawu. Sai da muka yi masa taron dangi. Ku yi wannan magana tun kafin ku tashi: idan ruwa ya sauka me za a yi? Akwai fadar sarakunan Faransa a cikin garin Fontainebleau, inda Napoleon ya yi bankwana da dakarunsa a 1814, tana cinye rabin wuni cikin sauƙi. Akwai ƙauyen Barbizon na masu zane. A Milly-la-Forêt akwai rumfar kasuwa ta katako tun 1479, har yanzu tana tsaye. Ko ba ruwa ma yatsunka za su nemi hutu. Dutsen yana cin fatar kan yatsu a hankali, zuwa rana ta uku sun yi ja sun yi laushi, kofin shayi ma sai ka riƙe shi da tafin hannu.

Yanzu ga abin da ya fi damunka. Da farko, ba a kafa tanti a cikin dajin yadda aka ga dama, kuma ba a hura wuta. Hukumar kula da dazuzzukan Faransa, ONF, ita ke da wurin, kuma tana cin tara. Akwai filayen kwana na kuɗi a gefen dajin, wajen Milly-la-Forêt da Grez-sur-Loing, masu banɗaki da ruwan zafi. Ku kira su tun yanzu, don wasu suna rufewa idan kaka ta yi nisa.

Sanyin kuwa gaskiya ne. Da rana kana iya cire rigar sanyi, da asuba numfashinka na hayaƙi. Kuskuren da na yi ba na so ka maimaita. Jakar barci tana zuwa da lambobi uku a jiki, masu nuna ma'aunin sanyin da za ta iya ɗauka. Ni na ga mafi ƙanƙanta, ƙasa da sifili sosai, na ce ai na gama. Ashe wannan lambar cewa take ba za ka mutu ba, ba ta yi alkawarin barci ba. Lambar farko, ta jin daɗi, ita ake dubawa, kuma ka nemi wadda ta kusa sifili. Daren farko na sa wando biyu da riga uku, haƙorana na haɗuwa, ina jin ƙarar ganye a waje ina tunanin aladen daji, waɗanda kuwa akwai su. Da gari ya waye wani abokinmu da ya saba ya leƙa tantina ya ga 'yar siririyar shimfiɗar da na kwanta a kai, ya yi dariya. Daga ƙasa sanyin yake shigowa, jikinka ya danne jakar ta baya, ba ta tare komai. Daga ranar na koma kwana a kan katifar faɗuwa, wadda muke shimfiɗawa gindin dutse. Ta ɗan gajarta, ƙafafuna na kan jakar kaya, amma na yi barci.

Sauran dabarun ƙanana ne. Ka ware safa guda busasshiya ta barci kaɗai, kada ta taɓa fita waje. Hula a ka. Ka cika gora da ruwan zafi, ka rufe da kyau, ka sa cikin safa ka jefa ƙasan jakar barci. Kada ka toshe duk kafofin tanti don gudun iska, numfashinku zai taru a rufin ya riƙa ɗigo muku da asuba. Ka riƙa tocilan goshi, domin ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Turai, daga nan kafin ƙarfe shida na yamma duhu ya rufe, kuma hanyoyin dajin duk kama ɗaya suke.

Batun mota: jirgin ƙasa daga tashar Gare de Lyon yana kai mutum Fontainebleau-Avon cikin kamar minti 40, amma duwatsun a warwatse suke, wasu tafiyar rabin awa a mota daga tashar. Ku biyar da katifu biyu ko uku da tantuna a mota ɗaya, sai an yi dabara. Kuma kada ku bar ko jakar banza a kujera idan kun ajiye motar a bakin daji. Fasa gilashi don sata a wuraren ajiye motocin nan abu ne da aka daɗe ana fama da shi, fasfo da waya su bi ka cikin daji. Kuɗin mai da na abinci ku tara a hannun mutum ɗaya tun ranar farko, a kuma raba wankin tukunya da suna. Wanke tukunyar taliya da ruwan sanyi cikin duhu ya fi kowane dutse raba abokai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana karatu a Jamus, ya turo mini hoto yana maƙale a jikin dutse, ba igiya ba komai, wai Faransa suka je da abokai. Na kasa barci. Ya ce mini wasa ne. Don Allah ka gaya mini gaskiya, abin nan ba ya kisa?
Wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar da hankalinki. Ba zan ce miki babu haɗari ba, don ƙarya ne. Amma ki sake duba hoton. Masu ɗaukar irin wannan hoto suna yanke ƙasa don abin ya yi kama da tsauni. Da an ɗan sauke kyamarar, da kin ga katifa mai kauri a ƙarƙashinsa da abokinsa tsaye hannuwa sama. Yawancin duwatsun mita uku ne zuwa huɗu.

Gaskiyar wasan ita ce duk faɗuwa ƙasa ake kaiwa, kuma ana faɗuwa sau da yawa a wuni. Raunin da aka fi samu shi ne targaɗe ko karaya a idon sawu, sai wuyan hannu idan mutum ya dafa ƙasa. Sau da yawa ba tsawon ne ke jawo shi ba, ƙafa ce ke sauka a bakin katifa ko tsakanin katifu biyu. A gabana wani abokinmu ya diro daga tsawon da bai kai ƙirjina ba, ƙafarsa ta faɗa rami tsakanin katifa da saiwar itace, sauran kwanakin a kujera ya yi su yana dafa mana shayi.

Maimakon ki hana shi, don da wuya ya hanu, ki yi masa tambayoyin da za su nuna masa kin san abin. Wa ke tsaya maka idan kana hawa? Aikin mai tsayawa ba cafe mutum ba ne, shi dai ya karkata shi zuwa katifa, ya kare kansa da bayansa daga dutse, ya kuma riƙa jan katifar tana bin mai hawa. Ki ce masa ya bar dogayen duwatsu, don akwai wasu a wajen L'Éléphant, inda wani dutse ya yi siffar giwa sak, da suka kai tsawon da katifa ba ta wadatarwa. Ki tambaye shi ko inshorar lafiyarsa tana aiki a Faransa, ya kuma riƙe lambar gaggawa ta Turai, 112. Akwai kaska a cikin ciyawa da ke sa cuta, ya riƙa duba jikinsa da dare. Kaka kuma lokacin farauta ne a dajin, idan sun ga allon gargaɗi a bakin hanya su canza wuri. Sauran ki bi shi da addu'a, Hajiya, ita ce taki.

Tambaya: Abokaina da ke Turai sun gayyace ni irin wannan tafiya, ni kuma ba a can nake zaune ba. Yaya batun biza da kaya?
Wani mai karatu.

Amsa: Bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Faransa ke ciki, ta gajeren zama za ka nema, wadda ba ta wuce kwana 90. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun 2024, ban da na kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an hana ka. Dole ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da inda za ka kwana, don haka ka sa abokanka su kama filin kwanan da sunanka a ciki, su turo maka takardar. Ana iya nema tun saura wata shida, kada ka jira Satumba. Kaya kuwa, ka zo da tufafin sanyi da takalmi kawai. Katifa ana haya a can. Tukunyar gas ta girki ba ta shiga jirgin sama ko a jakar hannu ko a babba, sai an isa ake saye.

Tambaya: Malam, yaya kuka yi da salla da abinci a cikin dajin?
'Yar'uwarka, daga Faransa.

Amsa: 'Yar'uwa, salla ba ta ba mu wahala ba. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, wuri kuwa ga shi nan fili ko'ina, na fi son bayan wani babban dutse inda iska ba ta kaiwa. Sai dai lokutan suna matsowa kusa da juna a ƙarshen Oktoba, kina gama azahar kin ɗan taɓa dutse biyu la'asar ta yi, don haka ki sa ƙararrawa a waya. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ki tambayi malamai, ba fagena ba ne. Abin da zan gaya miki shi ne ki riƙa gorar ruwan ɗumi daban don alwala. Ruwan sanyi a kan yatsun da dutse ya cinye, ranar farko da na gwada sai da na yi ƙara, wani Bature da ke kusa ya rugo yana tsammanin faɗowa na yi.

Abinci mun sauƙaƙa wa kanmu: taliya, shinkafa, ƙwai, kifin gwangwani, cuku da dabino. Nama sai a manyan garuruwa ake samun mahautan halal, mu mun sayo namu tun daga hanya muka cinye a daren farko da na biyu. Ki lura shaguna da yawa a ƙauyukan suna rufewa ranar Lahadi da rana, wasu gidajen burodin kuma Litinin suke hutu. Mu ba mu sani ba. Ranar Litinin ɗinmu ta farko da busasshen burodin Asabar muka karya, muna tsoma shi a shayi yana ƙin jiƙa.